Modest Mussorgsky

Modest Petrovich Mussorgsky (an haife shi ranar 21 ga Maris 1839, ya mutu ranar 28 ga Maris 1881) mai tsara kiɗa ne ɗan ƙasar Rasha. Yana cikin mutum biyar da suka ƙudiri aniyar samar wa Rasha kiɗan da ba kwaikwayon Jamus ko Italiya ba. Yawancin ayyukansa sun isa kunnen jama'a ne bayan wasu sun yi musu gyara, kuma har yau ana muhawara ko gyaran ya inganta su ko ya rage musu armashi.

Farkon rayuwa

An haifi Mussorgsky a ƙauyen Karevo da ke lardin Pskov, a gidan masu gonaki. Mahaifiyarsa ce ta fara koya masa fiyano. Ya yi makarantar horar da hafsoshi a St. Petersburg, ya shiga rundunar Preobrazhensky a shekarar 1856. A 1858 ya ajiye aikin soja domin ya mayar da hankali kan kiɗa. Bayan an 'yanta talakawan gona a 1861 arzikin gidansu ya ja baya, dole ya kama aikin akawu a ofishin gwamnati.

Ayyuka

Abokansa a wannan tafiya su ne Balakirev, Cui, Borodin da Rimsky-Korsakov. Abin da ya bambanta shi da su shi ne yadda yake sauraren hawa da saukar murya a maganar Rashawa ta yau da kullum, ya gina karin waƙa a kansu. Ya kammala wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Boris Godunov a 1869. Hukumar gidan wasan sarki ta ƙi karɓarsa, musamman don babu wata babbar rawa ta mace a ciki. Ya sake masa fasali, aka nuna shi a 1874.

A shekarar ce kuma ya tsara kiɗan fiyano da aka sani da Pictures at an Exhibition, don tunawa da abokinsa mai zane Viktor Hartmann, wanda ya mutu a 1873. Kiɗan yana da sassa goma, kowanne na wakiltar zane, da wani kari mai dawowa da ke nuna mai kallo yana tafiya tsakanin zanukan.

Mutuwa

Shaye-shaye sun kassara lafiyarsa, kuma ya rasa aikinsa a 1880. Ya mutu a asibitin sojoji a St. Petersburg yana da shekara 42, 'yan kwanaki bayan Ilya Repin ya zana hotonsa.

Aikinsa a hannun wasu

Rimsky-Korsakov ya gyara rubuce-rubucensa da dama, yana ganin akwai kurakurai a cikinsu. A 1922 Maurice Ravel na Faransa ya shirya Pictures domin babbar ƙungiyar makaɗa, kuma shirinsa ne ya fi shahara.

Ranar 26 ga Maris 1971 ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, Emerson, Lake & Palmer, ta naɗi nata salon a gaban 'yan kallo a zauren birnin Newcastle. Kundin ya kai mataki na 3 a Birtaniya da na 10 a Amurka. Masu yabonsa sun ce ya kai sunan Mussorgsky ga matasan da ba su taɓa jin sa ba, kuma ƙarfin ganguna da na'urar Moog ta Keith Emerson ya dace da kaushin da ke cikin asalin kiɗan. Masu suka sun nuna cewa sassa huɗu kawai aka ɗauka daga cikin goma, cewa baitocin da Greg Lake ya ƙara ba su da tushe a zanukan, kuma nuna gwaninta ya danne wuraren da Mussorgsky ya tsara don natsuwa. Asalin kiɗan na fiyano yana nan, ana ci gaba da kaɗa shi, don haka mai saurare zai iya kwatanta su da kansa.