Kahal, yaron da aka kai koyon wanzanci ya buɗe ƙofar sanin ƙwaƙwalwa

A kasuwar Madawa ko Buza ko Kaita mun san mata da yawa da ba su da littafin bashi, amma ba su taɓa manta wanda ya ɗauki albasa bai biya ba. Yau za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka share hanyar gano inda wannan riƙo yake zaune a cikin kai.

An haifi Santiyago Ramon Kahal ranar 1 ga Mayu 1852 a wani ƙauye na ƙasar Ispaniya. Yaro ne mai ƙiriniya, ba ya son lakwal, zane kawai ya sa gaba. Da mahaifinsa likita ya gaji, sai ya kai shi wajen wanzami, daga baya wajen baduku. Duk da haka ya koma karatu, ya zama likita a 1873. Ya yi aikin soja a Kuba, ya dawo da zazzaɓin cizon sauro. A 1877 ya sayi madubin likita da kuɗin aljihunsa.

A lokacin masana sun ɗauka ƙwaƙwalwa haɗe take kamar raga. A 1888 Kahal ya nuna cewa kowace ƙwayarta zaman kanta take, sai dai suna miƙa wa juna saƙo a wata ƴar mahaɗa. Zanen da aka so hana shi, da shi ya nuna wa duniya wannan. A 1894 a Landan ya bayyana cewa koyo yana ƙarfafa mahaɗun. Ya samu kyautar Nobel a 1906, ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba 1934.

Bayansa aka ga yadda abin yake. A 1999 masu bincike a Amurka suka kalli ƙwaya mai rai: da saƙo ya iso, sinadarin kalsiyom yakan shiga, sai wani sinadari mai suna CaMKII ya taso ya taru a mahaɗar, kamar ƴan dako in motar kaya ta tsaya. Taruwarsa tana cikin abin da ke ƙarfafa mahaɗar, har abin da aka koya ya zauna.

Iyaye, kafin mu yanke ƙauna ga yaro mai ƙiriniya, mu duba abin da hannunsa yake so.