Abebe Bikila, mai gudu ba takalmi

Ya kai mai karatu, ka taɓa jin tseren da ake kira maraton? Gudu ne na kilomita 42 da mita 195, ba tsayawa, ba hutawa. Shi ne wanda Hausawa ke ce ma gudun yada ƙanin wani. Tafiyar da za ka wuni kana yi a ƙasa, su cikin awa biyu da ƴan mintoci suke cinye ta.

Ba kowa ba ne ake bari ya shiga babban tsere. Dubi na birnin Boston a Amurka, wanda aka fara tun 1897. Yawancin masu son shiga sai sun yi wani maraton tukuna, sun gama cikin lokacin da aka yanka ma masu shekarunsu. To, bari ka ji yadda wani ɗan makiyayi ya samu tashi hanyar.

An haifi Abebe Bikila a 1932, a ƙauyen Jato cikin ƙasar Habasha. Da ya girma ya tafi Addis Ababa, ya shiga sojan da ke tsaron sarki Haile Selassie. Nan wani mai horar da ƴan wasa, Onni Niskanen mutumin Suwidin, ya gane yaron nan yana da ƙafa, ya kama koya mashi.

A 1960 za a yi wasannin Olamfik a Roma, babban birnin Italiya. Kafin a zaɓi masu zuwa, aka yi tsere a Addis Ababa. Abebe ya zo na ɗaya, cikin awa 2 da minti 21. Ka ga, agogo ne ya yi mashi shaida. Da haka ya samu shiga.

A Roma takalmin da ya samu bai yi mashi daidai ba, yana jin ciwo. Sai ya aje shi, ya fito ƙafa tsirara. Ran 10 ga Satumba aka tashi da marece, dare ya yi masu a hanya, sojoji na riƙe da wuta suna haska titi. Kusa da ƙarshe su biyu suka rage a gaba, shi da Rhadi na ƙasar Maroko. Abebe ya ƙara mai, ya iso na farko cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinariya a Olamfik. Ka tuna kuma, Italiya ce ta kai ma Habasha yaƙi a 1935, sa'ad da Abebe yake ɗan shekara uku.

A 1964 aka koma Tokiyo, ƙasar Japan. Saura ƴan makonni aka yi mashi aiki a ciki. Duk da haka ya shiga, wannan karo da takalmi, ya sake cinyewa cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11. Kafin shi ba wanda ya taɓa cin maraton na Olamfik sau biyu.

Amma duniya rawar ƴan mata ce. A 1968, a Mekziko, ciwon ƙafa ya sa ya bar tseren, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A 1969 ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka mutu. Aka kai shi likita a Ingila, ya yi watanni, bai sake takawa ba. Kana tsammani ya zauna yana kuka? A'a. Daga bisa keken guragu ya koyi harbin baka, ya shiga gasar naƙasassu a 1970.

Ya rasu ran 25 ga Oktoba 1973, yana da shekara 41. An sa sunanshi ga wani filin wasa a Addis Ababa.

Kai ma da kake koyon karatu da girmanka, tsere ne mai tsawo ka shiga. Kada rashin takalmi ya hana ka fitowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Kilomita nawa ne maraton?
2. Mi ya sa Abebe ya yi gudu ba takalmi?
3. Wane wasa ya koya bayan haɗarin mota?