Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello, Ɗan Katsinan da Ya Jagoranci Kotun Ƙoli

A filinmu na tarihin magabata, yau za mu waiwayi rayuwar marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello, ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya.

An haife shi a birnin Katsina a 1930, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Gidado, shi ne muftin Katsina, don haka ya buɗi ido ne ya ga ana ba da fatawa ana raba gardama. Bayan karatun allo da na boko, ya tafi Ingila ya karanci aikin lauya a Landan. A 1956 ya fara aiki da gwamnatin Jihar Arewa, a lokacin da lauyoyi 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba.

Daga nan sai ya riƙa hawa mataki-mataki. Ya yi babban majistare, ya yi daraktan gabatar da ƙararraki na Arewa, a 1966 ya zama alƙalin babbar kotu, sannan a 1975 aka kai shi Kotun Ƙoli. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ya zama Alƙalin Alƙalai, ya riƙe kujerar har 1995, lokacin da Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya gaje shi.

To, me ya haɗa matar aure da ke Daura, ko Mai'adua, ko Zango, da wannan kujera? Abin da ya haɗa su shi ne ɗaukaka ƙara. A ce an danne wa mace gadonta, ko ta nemi khul'i, ko ana jayayya kan riƙon 'ya'ya. Za ta fara ne daga kotun shari'a ta garinsu. In ba ta gamsu ba, akwai babbar kotun shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda ke kula da sha'anin aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Daga can magana ta bar hannun jiha ta koma na tarayya, wato Kotun Ɗaukaka Ƙara da aka kafa a 1976. A irin wannan ƙara, tsarin mulkin 1999 ya ce sai aƙalla alƙalai 3 masana shari'ar Musulunci sun zauna. Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ƙoli, wadda daga ita sai Allah, domin tun 1963 aka daina kai ƙarar Nijeriya Ingila. Wannan ita ce kotun da marigayin ya shugabanta.

Zamaninsa bai zo da sauƙi ba. Sojoji ne ke mulki, kuma sukan fito da dokokin da ke hana kotu sauraron wasu ƙararraki. Wasu lauyoyi sun zarge shi da yi wa sojoji sassauci, wasu kuma na ganin haƙurinsa ne ya sa kotunan suka tsira da ransu. Allah ne masanin gaskiya. Abin da ba a musu a kai shi ne, a zamaninsa ne aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a 1991, kuma harabarta da ke Abuja na ɗauke da sunansa. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 2004.

'Yar uwa, darasi biyu ne a nan. Na farko, hukuncin alƙalin farko ba shi ne ƙarshen magana ba. Ki nemi kwafin hukuncin, ki kuma yi hanzari, domin ɗaukaka ƙara na da wa'adi, wadda ta yi sake ƙofa na iya rufuwa. Na biyu, yaron nan daga gidan allo ya fito, karatun boko bai raba shi da asalinsa ba. Mu dage da karatun 'ya'yanmu maza da mata. Ga Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar, 'yar Arewa, ta hau wannan kujera a 2012, mace ta farko.

Allah ya jiƙan Mai Shari'a Muhammadu Bello, ya ba mu alƙalai masu tsoronsa, amin.