ABUBAKAR RAZI, MALAMIN LIKITOCI

A cikin likitocin zamanin da, da wuya a sami wanda ya kai Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya, wanda aka fi sani da Razi. An haife shi wajen shekarar 865 a birnin Rayyu, kusa da inda Tehran take yanzu a ƙasar Farisa. Ya nemi ilmin magani, ya kuwa ƙware, har aka ba shi shugabancin asibitin garinsu, daga baya kuma na wani babban asibiti a Bagadaza.

Abin da ya kamata malaman makaranta su lura da shi, shi ne yadda yake koyarwa. Ibn Nadim, mai littafin Fihrist, ya ba da labari cewa Razi yakan zauna, almajiransa na gabansa, almajiran almajiransa kuma na bayansu, sahu sahu. In majiyyaci ya zo, sai ya fara kai kukansa ga na bakin ƙofa. In sun gane cutar, shi ke nan. In ta gagare su, sai su miƙa shi gaba. Sai ta gagari kowa, sa'an nan malam ya sa baki. Watau ƙaramin almajiri ma an ɗora masa nauyin mutum mai rai, amma an nuna masa iyakarsa, ba a kuwa bar shi shi kaɗai ba. A ganina nan ne gwanintar take, gama wanda bai taɓa ɗaukar nauyi ba ba ya ƙwarewa, wanda kuma aka sakar wa nauyi duka tun yana ɗanye, rai zai salwanta a hannunsa. Kusan haka ake yi a asibitocin koyarwa har yau.

Shi kansa bai daina koyo ba. Yakan rubuta abin da ya gani ga majiyyatansa, da maganin da ya ba su, da yadda abin ya ƙare. Da irin wannan lura ce ya rubuta littafin da ya bambanta agana da ƙyanda, ya kuma rubuta wani inda ya nuna wuraren da yake shakkar maganar Jalinusu, babban likitan Yunanawa, wanda mutanen lokacin ba su cika yi wa musu ba. Bayan rasuwarsa aka tattara takardunsa suka zama littafin Alhawi, wanda aka juya da Latin a 1279 don likitocin Turai.

An shaide shi da tausayin talakawa, yakan yi jiyyarsu ya kuma ba su abin hannunsa. Har ya rubuta littafi musamman domin wanda ba shi da likita kusa. Bai kuma ɓoye wa jama'a gaskiya ba: ya yi rubutu a kan cewa likita, kome gwanintarsa, ba kowace cuta yake iya warkarwa ba, da kuma dalilin da ya sa mutane ke barin masana su bi masu maganin ƙarya.

Da ya tsufa idanunsa suka mutu. Ya rasu a Rayyu wajen 925. Ba a daɗe ba, a 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren likita. Sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin aikin magani sai Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi. Likitocin da aka jarraba sun kai wajen 860.