Phineas Gage: Mutumin da ƙarfe ya ratsa ƙwaƙwalwarsa ya rayu, marubuta suka ɓata masa suna

Da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yammacin ranar 13 ga Satumba, 1848, wasu leburori suna fasa duwatsu a kusa da ƙauyen Cavendish da ke Jihar Vermont ta Amurka, domin share hanyar da kamfanin Rutland and Burlington zai shimfiɗa layin dogo. Shugabansu wani saurayi ne ɗan shekara 25 mai suna Phineas Gage. Kafin rana ta faɗi, sandar ƙarfe mai nauyin kilo 6 ta ratsa kansa ta fice, bai mutu ba, sunansa kuma ya kama hanyar shiga littattafan ilimin halayyar ɗan Adam, inda har yau ɗalibai ke cin karo da shi.

Labarin da aka fi bayarwa a kansa gajere ne: mutumin kirki ya ji rauni a ƙwaƙwalwa, ya rikiɗe ya zama mashayi mara kunya, ya ƙare rayuwarsa a wulaƙance. Sai dai idan aka koma ga takardun waɗanda suka gan shi da idonsu, za a tarar da wani mutum daban.

Kafin haɗarin

An haifi Gage a shekarar 1823 a Jihar New Hampshire, shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar na Jesse Gage da matarsa Hannah. Likitan da ya yi jinyarsa daga baya, John Martyn Harlow, ya siffanta shi da cewa ƙaƙƙarfa ne mai cikakkiyar lafiya, mai kaifin basira wurin aiki, wanda idan ya sa abu a gaba sai ya ga bayansa. 'Yan kwangilar da suka ɗauke shi suna ganin babu shugaban leburorin da ya kai shi ƙwarewa a cikin ma'aikatansu.

Aikin fasa dutse a wancan zamani yana da tsari. A haƙa rami mai zurfi a jikin dutsen, a zuba albarushi, a sa lagwani, a zuba yashi a kai, sannan a danne da sandar ƙarfe domin ƙarfin fashewar ya koma cikin dutsen. Yashin ne ke hana ƙarfe haɗuwa da albarushi. Sandar Gage wani maƙeri ne ya ƙera masa ita ta musamman. Tsawonta ya ɗan haura mita 1, kaurinta santimita 3, gefe ɗaya kuma an fiƙe shi ya yi tsini.

A wannan yammaci hankalin Gage ya koma kan mutanensa da ke aiki a bayansa. Ya waiga ta kafaɗar dama, kansa ya daidaita da bakin ramin, kuma ga alama ba a riga an zuba yashin ba. Ƙarfe ya gogi dutse, tartsatsi ya tashi, albarushi ya kama. Sandar ta tashi kamar harsashi, tsininta ya shiga ta ƙarƙashin ƙashin kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan idon hagu, ya ratsa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, ya fasa ƙoƙon kai ta sama. An tsinci sandar a nesa da wurin da kusan mita 25, jini da ɓargon kai sun ɓata ta.

Jinya a masauki

Gage ya faɗi rigingine, gaɓoɓinsa suka ɗan yi karkarwa, amma cikin 'yan mintoci ya yi magana. An ɗora shi a keken shanu, ya zauna a miƙe har masaukinsa da ke cikin gari, tafiyar da ta haura kilomita 1. Likitan da ya fara zuwa, Edward Williams, ya same shi zaune a kujera a ƙofar masaukin yana ba mutane labarin abin da ya faru. Williams bai gaskata shi ba da farko. Can Gage ya miƙe ya yi amai, yunƙurin ya turo wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa ta ramin da ke saman kai, ya faɗo ƙasa.

Wajen ƙarfe shida Harlow ya karɓi aikin. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, likitoci ma ba su riga sun yarda cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da rauni ba. Harlow ya share raunin, ya cire ƙananan ɓaraguzan ƙashi, ya mayar da manyan, ya ɗaga kan majinyacin, ya bar ƙofa domin ruwan ciwo ya riƙa fita. Bayan kwana goma ciwon ya ruɓe, Gage ya shiga magagi, ba ya magana sai an tambaye shi. 'Yan uwa da abokai suka fid da rai, har aka tanadi akwatin gawa. Harlow ya yanke ruɓaɓɓen naman da ya toshe raunin, ya tsaga wani ƙurji a goshi, mugunya mai yawa ta fita. Daga nan sauƙi ya fara samuwa.

Ranar 7 ga Oktoba Gage ya tashi daga gado da kansa. A ƙarshen Nuwamba, mako goma bayan haɗarin, ya koma gidan iyayensa a garin Lebanon na New Hampshire. Ya rasa ganin idon hagu, fatar idon ta rufe, amma yana tafiya, yana magana, yana gane mutane.

Sakin layi ɗaya da ya zama tarihi

Rahoton farko da Harlow ya buga a 1848 ya fi mayar da hankali kan rauni da jinya. Likitoci da yawa ba su yarda mutum zai iya rayuwa bayan irin wannan ba. A ƙarshen 1849 Henry Jacob Bigelow, farfesan tiyata a Jami'ar Harvard, ya kawo Gage birnin Boston, ya duba shi na tsawon makonni, ya gabatar da shi ga taron likitoci, ya kuma rubuta cewa ya warke a jiki da hankali.

Sai a 1868, shekara takwas bayan mutuwar Gage, Harlow ya fito da rahoto na biyu, wanda a cikinsa ya bayyana sauyin hali. Ya ce majinyacin nasa ya zama mai saurin canja ra'ayi, mai ashar wanda a da ba halinsa ba ne, ba ya girmama abokan hulɗa, ba ya jure shawara idan ta saɓa wa son ransa, yana tsara abubuwa da yawa yana watsar da su tun kafin ya fara. Ya ce 'yan kwangilar sun ƙi mayar da shi kan muƙaminsa, abokansa kuma suna cewa wannan ba Gage ɗin da suka sani ba ne.

Kusan duk abin da duniya ta sani game da sauyin halin Gage daga wannan ɗan gajeren bayani ya fito. Muhimmancinsa ba ƙarami ba ne. A tsakiyar ƙarni na 19 masana suna jayayya kan ko ƙwaƙwalwa dunƙule take aiki, ko kowane sashe da aikinsa. Bigelow yana ganin warkewar Gage ta nuna ana iya rasa wani yanki ba tare da an rasa wani abu na hankali ba. Harlow kuwa ya ɗanɗani wata koyarwa da ta yi tashe a lokacin, mai cewa kowace ɗabi'a tana da mazauninta a kai, har ana iya karanta halin mutum daga tudun ƙoƙon kansa. Wannan koyarwa daga baya an tabbatar ba ta da tushe, amma ita ta sa Harlow ya lura da abin da wasu ba su nema ba. A ƙarshen shekarun 1870 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya David Ferrier ya kafa hujja da Gage wajen nuna cewa raunin sashen gaba na ƙwaƙwalwa yana iya barin motsi da ji lafiya lau, ya taɓa hali.

Shekarun da aka manta

Gage ya rayu kusan shekara 12 bayan haɗarin. Da ya rasa aikin layin dogo, ya ɗan zagaya garuruwa yana nuna kansa da sandarsa, har ya taɓa bayyana a gidan baje abubuwan al'ajabi na Barnum a New York. Daga nan ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana aiki a wani bargar dawakin haya a garin Hanover.

A watan Agustan 1852 ya tafi ƙasar Chile, inda ya zama direban keken doki mai ɗaukar fasinja tsakanin Valparaíso da Santiago. Tafiya ce ta kusan kilomita 160 a kan hanya mara kyau, da dawaki shida a gaba, kowanne da linzaminsa a hannun direba. Mai wannan aiki dole ya yi sammako, ya kula da dawaki, ya loda kaya, ya karɓi kuɗin tafiya, ya yi haƙuri da fasinjoji, ya riƙa lissafin kwana da gangara tun kafin ya isa gare su. Gage ya yi kusan shekara bakwai a Chile. Wani likita Ba'amurke da ya san shi a can ya ba da shaidar cewa ya gan shi cikin ƙoshin lafiya, babu wata tawaya a hankalinsa.

A 1859 lafiyarsa ta taɓu, ya shiga jirgin ruwa zuwa San Francisco inda mahaifiyarsa da ƙanwarsa suka koma da zama. Da ya ɗan murmure sai ya nemi aikin gona a Santa Clara. Mahaifiyarsa ta shaida wa Harlow cewa yana son yara da dabbobi, musamman dawaki da karnuka, kuma yakan tara 'ya'yan 'yan uwansa yana ba su labaran jarumtaka da ya ƙirƙira. A watan Fabrairun 1860 farfaɗiya ta fara kama shi, tana ƙaruwa, har ta yi ajalinsa ranar 21 ga Mayu, 1860, yana da shekara 36. Ba a binciki gawarsa ba, saboda haka babu wanda ya taɓa ganin ƙwaƙwalwar da ake ta rubutu a kanta.

Harlow ya daɗe da rasa labarinsa. A 1866 ya gano inda mahaifiyar take, ya rubuta mata, iyalin suka amince aka tone kabarin aka ciro ƙoƙon kan, aka kai masa tare da sandar da Gage ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Harlow ya miƙa su ga gidan adana kayan nazarin jikin ɗan Adam na Warren da ke Harvard.

Yadda labari ya kumbura

Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ostireliya Malcolm Macmillan ya shafe shekaru yana bin sawun wannan labari, ya fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Ya ɗauki abin da littattafai ke faɗa, ya gwada shi da rahotannin 'yan tsirarun mutanen da suka san Gage. Ya tarar an jingina masa shaye-shaye, lalaci, zaman kashe wando, da cin zalin mata da 'ya'ya, alhali bai taɓa yin aure ba. Wasu ma sun rubuta cewa ya rayu da sandar maƙale a kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a rubutun Harlow. Marubuci yakan kwafo daga marubuci, kowa ya ƙara gishiri gwargwadon ra'ayin da yake son karewa, ba tare da ya koma tushe ba.

Masu bincike na zamani sun koma kan ƙoƙon kan da na'urori. Nazarin da Hanna Damasio da abokan aikinta suka buga a 1994 ya ce raunin ya taɓa ɓangarorin gaba biyu. Wani da aka yi a 2004 da hoton na'urar CT ya nuna ɓangaren hagu kaɗai ya shafa. Na 2012 ya ƙiyasta cewa sandar ta lalata kusan kashi 4 cikin 100 na ɓawon ƙwaƙwalwa, da kusan kashi 11 cikin 100 na jijiyoyin da ke sada sassanta da juna. A yau an san cewa wannan yanki na gaba yana da hannu wajen tsara abin da za a yi, auna sakamako, da danne zuciya. Wannan ya yi daidai da abin da Harlow ya gani.

A 2009 aka gano hotonsa na farko. Wasu ma'aurata masu tara tsofaffin hotuna sun daɗe da shi suna zaton wani mafaraucin kifi ne riƙe da mashi. Hoton ya nuna mutum mai kyan sura, sanye da tufafi masu tsabta, ido ɗaya a rufe, yana riƙe da sandarsa. A 2010 aka samu na biyu.

Daga waɗannan shaidu Macmillan ya kai ga cewa sauyin halin da Harlow ya bayyana gaskiya ne, amma ya fi tsanani a shekarun farko, kuma Gage ya sake koyon zama da mutane sannu a hankali. Yana ganin aikin keken dokin, da tsarinsa na kullum mai maimaituwa, ya yi masa abin da cibiyoyin farfaɗo da masu raunin ƙwaƙwalwa ke yi wa majinyata a yau, inda ake rarraba musu aiki mataki-mataki har ya zame musu jiki.

Wannan ya shafi duk gidan da ke da wanda ya bugu a kai a haɗari ya tashi da wani hali, ya zama mai saurin fushi ko sakin baki. Labarin da aka ƙirƙira yana cewa mutumin ya tafi ke nan, babu dawowa. Abin da takardu suka nuna shi ne mutumin da aka hana aikinsa a 1849 ya samu wani, ya riƙe linzamin dawaki shida na tsawon shekaru a ƙasar da ba tasa ba, kuma yana neman na kansa har 'yan watanni kafin rasuwarsa. A 1940 aka kwashe ragowar gawarsa daga San Francisco zuwa maƙabartar Cypress Lawn da ke Colma. Ƙoƙon kansa da sandarsa suna Boston.