Martin Luther, Mutumin da Ya Ƙi Janye Maganarsa

Da yawa cikinmu in muka ji sunan Martin Luther sai mu tuna da baƙar fatar nan na Amurka. To, ba shi nake nufi ba. Wanda nake nufi Bajamushe ne, an haife shi a garin Eisleben a 1483.

Mahaifinsa mai sana'ar haƙar tagulla ne, ya so ɗansa ya zama lauya. Amma a 1505 tsawa ta faɗi kusa da Luther yana cikin tafiya, ya firgita, ya yi alkawarin ba da ransa ga bautar Allah. Daga nan ya shiga gidan masu zuhudu, daga baya ya zama malami a jami'ar Wittenberg.

A zamanin nan ana sayar wa mutane takardun gafara, wai wanda ya saya za a sassauta masa azabar zunubinsa. Kuɗin kuwa har da na gina babban cocin Roma. Wannan abu ya dami Luther ƙwarai, don shi a karatunsa ya fahimci gafara kyauta ce daga Allah, kuɗi ba ya sayenta. A 1517 ya rubuta hujjoji 95 na sukar wannan ciniki. Da yake an riga an ƙago injin buga littattafai, nan da nan maganarsa ta bazu ko'ina a Jamus.

A 1521 Paparoma ya kore shi daga Ikilisiya. Aka kira shi garin Worms gaban Sarki Charles na Biyar, aka ce ya janye abin da ya rubuta. Ya san an ƙone Jan Hus a 1415 kan irin wannan laifi, amma ya ƙi. Sarkin yankinsu, Frederick, ya ɓoye shi a ganuwar Wartburg. A can ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, don talaka ya karanta da kansa.

Luther ba ya rasa aibu. Ya goyi bayan sarakuna da suka murƙushe tawayen manoma a 1525, ya kuma yi mugun rubutu kan Yahudawa. Ya rasu a 1546.

Mabiyansa sun kai har ƙasarmu, domin 'yan mishan daga Danmak sun kafa cocin Lutheran a Numan tun 1913. Abin da na koya daga tarihinsa shi ne, mai ilmi in ya ga ana cutar talaka, bai kamata tsoro ya rufe masa baki ba.