Evgueni Zamiatine, injiniyan da ya hango mulkin gidajen gilashi

Duk wanda ya karanta littafin 1984 na George Orwell ya san irin labarin: ƙasa ɗaya, shugaba ɗaya da ake bauta wa, ido a kan kowa, sai mutum guda da soyayya ta sa ya fara shakka. Da Faransanci ana kiran wannan adabi dystopie, wato ƙagaggen labari mai hasashen mummunar makoma. Kusan shekaru talatin kafin Orwell, wani injiniyan jiragen ruwa ɗan Rasha ya riga ya shata hanyar.

An haifi Evgueni Zamiatine a 1884 a garin Lebedian da ke kudu da Mosko. Mahaifinsa limamin coci ne. A 1902 ya tafi Saint-Pétersbourg koyon ƙera jiragen ruwa, a can ya shiga jam'iyyar Bolshebik ta su Lenin tun tana haramtacciya. Lokacin boren 1905 ƴan sandan sarkin Rasha suka kama shi, suka kulle shi shi kaɗai a ɗaki na tsawon watanni, sannan suka kore shi daga birnin.

A 1916 gwamnati ta tura shi Newcastle a Ingila domin sa ido kan ƙera jiragen ruwa masu fasa ƙanƙara, waɗanda Rasha ke buƙata saboda tekunta na arewa na daskarewa. A wannan zama ne rabin littafinsa ya samo asali. Ya ga dubban ma'aikata suna shiga suna fita da ƙarar jiniya, ya ga gidaje jere iri ɗaya. Zamani ne na tsarin Ba'amurke Frederick Taylor, wanda ke auna kowane motsin ma'aikaci da agogo. Shi kansa Lenin ya so a ɗauki wannan tsari a masana'antun Tarayyar Sobiyet.

Sauran rabin ya same shi a gida. Ya koma a 1917, ya ga abokan gwagwarmayarsa sun karɓi mulki, sun rufe jaridu, sun kafa tasu rundunar ƴan sandan ciki. Tsakanin 1920 da 1921 ya rubuta littafin da sunansa ke nufin "Mu", wanda masu karatun Faransanci suka sani da Nous autres.

A cikinsa mutane ba su da suna, sai lamba. Mai ba da labarin, D-503, injiniya ne kamar marubucin. Bangon gidaje na gilashi ne, don kada kowa ya ɓoye komai. Jadawali ɗaya ke faɗin lokacin tashi, na cin abinci da na barci. Saduwar namiji da mace ma sai da takardar izini, a sannan kaɗai ake barin mutum ya sauke labule. Kowace shekara ana sake zaɓen shugaba ta hanyar ɗaga hannu, ba a tsammanin ko mutum ɗaya ya ƙi. Da D-503 ya kamu da son wata ƴar tawaye, I-330, sai aka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa aka cire masa ikon zato da mafarki. Ya tona asirinta, ya kalli azabar da ake gana mata hankalinsa kwance. A ganina wannan ƙarshe ya fi na Orwell tayar da tsikar jiki, domin mutumin yana jin an warkar da shi ne.

Hukumomi sun hana buga littafin. A 1922 aka sake kama Zamiatine, aka kai shi kurkukun da ƴan sandan sarki suka taɓa tsare shi. Littafin ya fara fitowa ne da Turanci a New York a 1924. Bayan wata mujallar Rashawa ƴan gudun hijira a Prague ta buga sassansa a 1927, jaridun gida suka taso masa a 1929, aka daina buga ayyukansa, aka dakatar da wasanninsa na dandali. A 1931 ya rubuta wa Stalin wasiƙa kai tsaye yana neman izinin barin ƙasa. Da sa bakin marubuci Maxime Gorki aka bar shi ya tafi.

Ya zauna a Paris cikin talauci, yana nesa-nesa da ƴan gudun hijirar da ke ƙin juyin juya halin da ya yi wa hidima. Yana cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin Les Bas-fonds na Jean Renoir a 1936. Ciwon zuciya ya kashe shi ranar 10 ga Maris 1937, aka binne shi a maƙabartar Thiais.

Fassarar Faransanci ta 1929 ce ta faɗa hannun Orwell, ya yi sharhi a kanta a jaridar Tribune a farkon 1946, shekaru uku kafin fitowar nasa littafin. A Tarayyar Sobiyet kuwa, sai a 1988 aka yarda aka buga shi.